Tazara Biyu a Sunan Shirin Tiyezge

Shekara talatin Chawanangwa Msiska ya yi yana aiki a wani ƙaramin gidan rediyon manoma da ke Mzuzu, amma in ka tsaya a bakin ƙofa ka ambaci wannan suna sai mai gadi ya yi jim yana tunani. Injiniya kowa ke ce masa. Bai taɓa taka jami'a ba. Ɗan manomin taba ne daga wajen Bolero, ya fara da kwance rediyon mahaifinsa, ya sha duka, ya mayar da ita ta yi magana. Daga gyaran rediyo a rumfar kasuwa ya koma na kaset, har wani ɗan mishan da zai koma ƙasarsu ya bar masa tsohuwar kwamfuta da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya cire. Da littafin nan ya koya wa kansa duk abin da ya sani.

Shi ba ruwansa da hotuna da danne-danne. Baƙin allon nan ya fi so, wanda ba ado a kansa sai ɗan haske yana ƙyaftawa yana jiran ka rubuta umarni. Yakan ce nan ne kawai kwamfuta ba ta yi wa mutum ƙarya: abin da ka rubuta shi za ta yi, ba ragi ba ƙari.

Doka ɗaya yake da ita a gidan rediyon, kuma ya rubuta ta da manyan baƙaƙe ya liƙa a saman kowace kwamfuta: kada wanda ya bar tazara a cikin sunan fayil ko na folda. Dalilinsa mai sauƙi ne. A baƙin allo tazara ita ce iyaka tsakanin abu da abu. In ka sa wa fayil suna Labaran safe, ka ce wa kwamfuta ta kwafe shi, sai ta ɗauka abu biyu kake nufi. Ta nemi wani Labaran, ba ta gani ba. Ta nemi wani safe, ba ta gani ba. Akwai magani, kuma ya san shi sarai: ka kewaye sunan da alamar zance, 'yan ƙugiyoyin nan biyu-biyu da ake sa wa maganar mutum a rubutu, sai ta gane suna ɗaya ne. Amma a ganinsa gara a toshe matsalar tun daga tushe. A haɗa kalmomin da ɗan layin ƙasa, shi ke nan, kowa ya huta.

Ma'aikata suka bi, suna yi suna tsokanarsa. Gondwe mai karanta labarai, in ya shigo da safe, sai ya ƙame ya sara masa ya ce, “Ina layin ƙasa kwana, Injiniya?”

“Lafiya lau, mai baki kamar lasifika. Ka ga ranar da labaranka za su ɓace saura minti biyu ka hau iska, ranar za ka san amfanina.”

Mutum ɗaya ce ta ƙi bin dokar, ita ce matarsa.

Tiyezge Chavula malamar firamare ce da ta zo wata rana karanta sanarwar makarantarsu. Shi ya gyara mata makirfo, ya rikice ya juya shi baibai, ta lura, ta yi dariya, kuma dariyar ta fita a iska har ƙauyuka suka ji. Shekara ba ta zagayo ba aka kai shanun sadaki gidansu. Bayan 'yarsu Lusungu ta shiga sakandare, Tiyezge ta ajiye alli ta fara shiri nata na kanta, kowace Laraba da yamma. Ta sa masa suna Mazgu gha Wamama, wato muryoyin iyaye mata. Sai ta ɗaura zane a kan siket, ta jefa na'urar ɗaukar murya a jaka, ta shiga ƙaramar bas, inda bas ta tsaya ta hau keken haya, inda keke ya gaza ta taka. Tsofaffi take nema. Ta zauna da su a tabarma ta ci sima, tuwon masararsu, da ganyen kabewa, ta taya su ɓarar gyaɗa, sai can bayan sun manta da na'urar su fara: waƙoƙin daka, waƙoƙin rarrashin jariri, yadda aka yi a shekarar yunwa, yadda ake karɓar haihuwa kafin a gina asibiti. Ta iya tambaya. Tsohuwar da ta rantse ba ta tuna komai sai ka ji ta tashi tana taka rawa.

In ta dawo sai ta zuba komai a babbar kwamfutar ofis, cikin foldar da ta sa wa sunan shirin, kalma uku da tazara biyu, kuma kowane fayil da cikakken sunan mai muryar.

“NyaChavula, sau nawa zan faɗa miki?” Haka yake kiranta da sunan danginsu in abin ya dame shi.

“Baban Lusungu, sunan mutum ne fa. Gogo Esnati Mhango. Haka uwarta ta raɗa mata, ba ta gicciya mata sanda a tsakiya ba.”

“Ba sanda ba ce, layi ne.”

“To in injinka bai iya karanta suna ba, kawo shi aji ɗaya. Na koya wa waɗanda suka fi shi taurin kai.”

Sau ɗaya ya lallaɓa ya canza mata sunayen. Ta zo neman wani shiri ta rasa gane kan abin, ta yini ba ta yi masa magana ba, da yamma kuma ta zuba masa miyar usipa, ƙananan kifin nan na tafki, ba gishiri. Washegari ya mayar da komai yadda yake. Tun daga nan ya ƙyale ta. Ma'aikata suka ce ashe dokar Injiniya a ƙofar gidansa take tsayawa.

Abin da yake taƙama da shi a duk aikinsa shi ne ajiyar ko-ta-kwana. Tun shekaru da yawa da suka wuce ya rubuta wani ɗan jerin umarni, layi goma sha biyu, wanda kowace Juma'a da tsakar rana yake bin fayilolin gidan ɗaya bayan ɗaya yana kwafe su zuwa wani faifai na dabam da ake kullewa a kabad ɗin ƙarfe. A farkon lokaci jerin yakan cika allo da ƙorafi a kan tarkacen da ba su da amfani, sai ya ƙara masa wasu 'yan baƙaƙe da ke zubar da duk wani ƙorafi kafin ya iso ido. Daga nan allo ya zama tas. In ya gama sai ya rubuta kalma biyu: An gama. Injiniya yakan duba ya ga ajiyar tana ƙaruwa mako-mako, wani lokaci ya ɗauko labaran Gondwe daga ciki ya kunna don gwaji, ya ji suna fita lafiya, ya kulle kabad.

Katin da ke cikin na'urar Tiyezge ƙarami ne, yana saurin cika. Ta taɓa tambayarsa ko ta riƙa sayen sabo tana adana tsofaffin.

“Don me? Ki goge ki sake amfani da shi. Duk abin da kika zuba yana wurina sau biyu.”

Shekara goma sha ɗaya tana gogewa.

Ciwon ya fara mata kamar gajiya. Ta ce hawan keke ne. Daga baya ta daina cin abinci, idonta ya yi rawaya, kuma kafin likitoci su gama gwaje-gwajensu abin ya riga ya yi nisa. Mako bakwai ta yi a kwance. A mako na shida ta sa shi ya kawo mata jadawalin ƙauyukan da ba ta kai ba, tana karantawa tana cewa wannan sai bayan damina. An binne ta a Bolero, kusa da mahaifiyarsa. Matan da ta ɗauki muryoyinsu suka zo a bayan motocin taba, wasu da sanda, suka cika farfajiyar cocin har waje.

Ya koma aiki bayan mako biyu. Shugabar gidan, Madam Nyirongo, ta ce masu sauraro suna roƙon a maimaita tsofaffin shirye-shiryen marigayiya.

“Madam, don Allah a ɗan ba ni lokaci. Ba zan iya ji ba yanzu.”

“Ba komai, Injiniya. Suna nan dai ko?”

“Suna nan. Sau biyu ma.”

Ko sunan foldar ba ya iya kallo. In jerin sunaye ya fito a allo sai ya kau da kai kafin ya iso wurin.

Wata takwas da rasuwarta, a tsakiyar damina, aradu ta faɗa wa dogon ƙarfen eriyar gidan rediyon da la'asar. Ba wanda ya ji rauni, amma babbar kwamfutar ta yi ƙauri, faifanta ya tafi. Madam Nyirongo ta zauna a kujera ta dafe kai. Injiniya ya buɗe kabad ɗin ƙarfe, ya ɗauko ajiyarsa, cikin kwana biyu gidan ya koma iska da labaransa da kiɗe-kiɗensa da shirin noma na shekara da shekaru. Aka saya masa lemo da mandasi, wato fanke, Gondwe ya ɗaga hannunsa sama kamar ɗan dambe ya ce daga yau ko 'ya'yansa da layin ƙasa zai raɗa musu suna. Injiniya ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Kowa ya duba nasa ya gani. Na Tiyezge ba wanda ya duba, don kowa ya san wurin nan ba a taɓawa.

A watan Mayu Lusungu ta zo daga Karonga, inda take aikin jinya. Cikinta ya kai wata bakwai. Ran Asabar da safe, suna shan shayi, ta ce, “Baba, akwai wani shirin da Mama ta yi da wata tsohuwa a Mpherembe, wanda suka yi waƙar rarrashi tare, Mama ta ɓata baiti suka yi ta dariya. Shi nake so ka sa mini a waya. Ina so yaron nan ya ji muryar kakarsa.”

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya ce, “Tashi mu je.”

Ofis ba kowa sai mai kula da kiɗan safe a can ɗakin watsa shiri. Ya ja mata kujera kusa da shi, ya buɗe baƙin allo, ya rubuta sunan shirin, ya kewaye shi da alamar zance yadda ya kamata. Kwamfuta ta ce babu wannan suna. Ya ɗauka kuskuren rubutu ne, ya sake a hankali, baƙi bayan baƙi. Babu. Ya ce ta jero masa duk foldojin da ke akwai. Na labarai yana nan, na noma, na coci, na wasanni. Ya bi da yatsa har ƙasa, ya dawo sama.

“Baba, lafiya?”

“Ɗan tsaya.”

Ya tashi ya ɗauko faifan ajiya daga kabad ya jona. Ya ce a nemo masa duk abin da ke da kalmar Gogo, wato kaka, a sunansa. Ba ko ɗaya. Ya ce a nemo duk fayil ɗin da ke da tazara a sunansa, a cikin ajiyar shekara goma sha tara. Allo ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ɗan hasken ya dawo yana ƙyaftawa a layi na gaba, bai kawo komai ba.

Tun kafin ya buɗe jerin umarnin nan nasa ya riga ya san abin da zai gani. Layi na bakwai, inda ake cewa kwafi wannan, ba alamar zance. Ya rubuta shi tun kafin a fara shirin Tiyezge, lokacin da kowa ke bin doka, kuma bai sake komawa kansa ba. Kowace Juma'a da tsakar rana kwamfutar takan iso wurin foldarta, ta nemi Mazgu ta rasa, ta nemi gha ta rasa, ta nemi Wamama ta rasa, ta yi ƙorafi, ƙorafin ya bi hanyar da ya haƙa masa ya zube, sannan ta rubuta An gama. Sama da Juma'a ɗari biyar tana gaya masa, shi ne ya toshe mata baki.

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

“Lusungu, babu.”

“Wannan shirin ne babu? To ba komai, Baba, sa mini wani. Ko wanne ne.”

“Duka. Ba a taɓa kwafe ko ɗaya ba. Aradun nan ta tafi da su.”

Ya yi mata bayani, tazara da alamar zance da layi na bakwai, muryarsa a daidaice kamar yana koyar da sabon ma'aikaci. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan cikinta.

“Katunan na'urarta fa? Ai suna gida.”

“Ɗaya ne. Tana gogewa.”

“Me ya sa za ta goge?”

“Ni na ce ta goge.”

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta miƙe da ƙyar ta fita, ta zauna a kan dakalin mai gadi. Da ya biyo ta ya tsaya a gefe, ta ce ba tare da ta dube shi ba, “Shekara nawa kana yi wa mutane faɗa a kan abin nan, Baba? Kai da ka fi kowa sani.” Ta bi motar rana ta koma Karonga, abincin da ya sa maƙwabciya ta dafa mata yana rufe a kan tebur.

Gyaran bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Ƙugiya huɗu ya ƙara a layin, ya cire abin da ke zubar da ƙorafi. Ran Litinin ya shiga ofishin Madam Nyirongo ya faɗa mata komai a tsaye, ya ce in tana so ya ajiye aiki zai ajiye.

“Ka ajiye ka tafi ina? Zauna, Injiniya. Zauna mana.” Ita ma ta share ido da gefen mayafinta.

Ya ɗauki ƙonannen faifan ya kai Lilongwe wurin wani da aka ce yana ceto irinsu. Mutumin ya riƙe shi kwana tara, ya kira ya ce ya yi haƙuri. Ya kai masa katin na'urar ma. Abin da aka samu a ciki ƙarar iska ce ta daƙiƙa kaɗan, da alama ta danna ne bisa kuskure a cikin jaka.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a duk shekarunsa a gidan: ya zauna a gaban makirfo. Ran Laraba da yamma, a lokacin shirinta. Ya faɗi sunansa, ya ce shi ne mijin NyaChavula, ya ce muryoyin da iyaye mata suka ba ta amana sun salwanta a hannunsa, ba laifin aradu ba ne, nasa ne. Ya roƙi duk wanda ya taɓa ɗaukar shirin a waya ko a kaset ya taimaka. Mutane suka yi ta zuwa har mako uku, amma ta'aziyya suke kawowa, da masara, da kaza. Wa zai ɗauki abin da yake zuwa masa kowace Laraba? Wata mata daga Ekwendeni ta kawo waya ta ce shirin yana ciki. Da aka kunna, wa'azi ne.

Gondwe ne ya shigo wata safiya ba sara ba tsokana, ya ce, “Injiniya, zo ka ji wani abu. In ba ka so, ka ce in kashe.”

A cikin foldar tallace-tallace ya samo shi. Wata shekara da aka yi amai da gudawa, an nemi muryar mace ta karanta sanarwa, Tiyezge tana wucewa aka tare ta. Gondwe ne ya adana, da layin ƙasa. Daƙiƙa arba'in da biyu. Iyaye mata, ku tafasa ruwan sha. Ku wanke hannu da sabulu ko toka bayan kun fito daga bayan gida. In yaro ya fara zawo kada ku jira gobe. Ba dariya a ciki, ba waƙa. A wuri ɗaya ta ja numfashi kafin ta ci gaba.

Ya ce a sake. Gondwe ya sake, sannan ya fita ya ja masa ƙofa.

Lusungu ta haihu a watan Yuli, mace. Mijinta ne ya kira ya sanar da shi. Ya hau bas da sanarwar a wayarsa, bai san ko za ta karɓe shi ba. Ta karɓe shi. Ta ce ya rame, ta miƙa masa jaririyar, ta yi masa faɗan yadda ya riƙe kan. Bayan baƙi sun ragu ya ce ya zo da wani abu, ba abin da ta nema ba ne. Ya kunna. Da muryar ta kai inda ake cewa kada ku jira gobe, Lusungu ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kukan da ba ta yi ba a Mzuzu, shi ma ya yi nasa, jaririyar tana barci a tsakaninsu.

“Ji yadda take ba da umarni,” in ji ta da ta samu numfashi. “Kamar muna aji.”

“Haka take.”

“Tura mini, Baba. Ka tura wa kawu ma, da Anti Wezi. Ka tura wa kowa.”

Yana nan a gidan rediyon har yanzu. Gashinsa ya yi fari, kuma ya rage magana. Kowace Laraba yakan ɗauki na'urar ya bi ƙauyukan da ya iya tunawa, yana neman matan da ta zauna da su. Da yawa sun rasu. Waɗanda ke raye suna karɓarsa da mutunci, su shimfiɗa masa tabarma, amma shi namiji ne, kuma bai iya tambaya ba. Yakan ajiye na'urar a gabansu ya yi shiru, su ma su yi shiru.

A Mpherembe ya samu tsohuwar mai waƙar rarrashi. Ta makance, jikokinta ke fito da ita rana. Da ya faɗa mata ko shi waye, ta laluba ta kama hannunsa ta riƙe. Ta yarda za ta yi waƙar. Ta yi baiti na farko da 'yar siririyar murya, ta fara na biyu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta tsaya a wuri ɗaya.

“Baitin ya tafi, ɗana,” in ji ta. “Ran nan ma sai da matarka ta yi ta ja na da hira kafin ya zo. Kai ba ka san yadda yake ba?”

“Ban sani ba, Gogo.”

“To ɗauki wannan ɗin.”

Ya ɗauka. Suka ba shi dafaffen rogo ya ci, ya yi sallama, ya taka zuwa bakin hanya ya jira motar Mzuzu.